Fuskar Inna a Kan Allo

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma bazarar da na yi ina yawo kasuwa-kasuwa da fuskar mahaifiyata a kan allo, ina tambayar mutane ko sun gan ta, wannan kam har ƙasa ta rufe mini ido ba za ta fita raina ba.

A lokacin ina da 'yar rumfa a bakin kasuwar Filinge, ina zana wa masu shaguna alluna. Mai gasa kaji ya zo in zana masa kaza, mai gyaran salula, wato wayar hannu, in zana masa salula. Amma yawancin aikina na masu aski ne: kawunan samari a jere kan katako, kowanne da irin gyaran gashinsa. Fuskokin nan duk daga hotunan 'yan ƙwallon waje nake kwafo su, sumul-sumul, ba tabo ko ɗaya. Ban taɓa zana fuskar mutumin ƙasarmu ba, kuma abin bai taɓa zuwa mini a rai ba.

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, muna ce masa mushe, da ke zama inuwar rumfata in ya tashi daga aiki. Wata rana da la'asar ya miƙo mini salularsa, ya ce, "Kai mai zanen kawuna, zo ka ga kawuna na gaske."

Na karɓa na duba. Hoton wani dattijo ne, fuskarsa duk zane, tun daga goshi har haɓa, layuka suna naɗewa kamar ƙahon rago, suna tasowa daga gefen hanci su bazu a kumatu. Hoto na gaba kuma mace ce, leɓɓanta da haɓarta an zane su da wani launi kamar shuni. Na tambaye shi ko su waye. Ya ce, "Mawori ake ce masu."

Na ce, "Mawri? Arawan Dogon Dutsi ne sunka koma haka?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya bayyana mini cewa mutanen wani tsibiri ne can ƙarshen duniya, a tsakiyar teku. Zanen nan a fata ake tsaga shi, kuma yana faɗin asalin mutum da gidan da ya fito. Ya ce bayan zuwan Turawa abin ya kusa ɓacewa, sai jikoki suka tashi suna neman tsofaffin da suka rage, suna duba hotunan kakanninsu da masu zane na da suka zana, har suka maido shi. Yanzu, in ji shi, mace tana zuwa ofis da zanen haɓarta ba ta rufewa.

Ni dai ba zancen ofis ya kama ni ba. Idon matar nan ne. Ta kalli mai ɗaukar hoton kai tsaye, ta ɗan ɗaga haɓa, kamar mai cewa ga ni. Ina kallonta sai Inna ta faɗo mini a rai, domin ita ma tana da aska. A kowane kunci tana da tsagen gado na gidansu, gajerun layuka da suka gitta juna. A haɓa da gefen baki kuma akwai na kwalliya, wanda aka cusa wa baƙin tukunya har ya koma shuɗi-shuɗi. Mu 'ya'yanta ba wanda aka yi wa, domin marigayi babanmu ya ji wa'azi ya hana wanzami taɓa fuskarmu. Sai na yi ƙoƙarin tuna yadda tsagen nata yake dalla-dalla, na kasa. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, ni ma ban taɓa tsura mata ido ba. Haka muka tashi muka ga ana yi, kuma ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Na zana kawunan baƙi ba adadi, amma ban san fuskar wadda ta haife ni ba.

Da kaka ta yi, na tafi ƙauyenmu, yamma da Filinge, inda Inna ke zaune kusa da ƙanwata da ke aure a can. Ban iya faɗa mata kai tsaye ba, sai na bi ta bakin ƙanwata. Muna tsakar gida mu uku, amma kamar ina wani gari. Inna ta ji buƙatata, ta ce wa ƙanwata, "Ki ce mashi in bai da aikin yi, ga rumbu can na son jinka. Mi za ya yi da fuskar tsohuwa? Abin da anka ce jahilci na?"

Na ba ƙanwata salulata, da yake mushe ya tura mini hotunan, ta kai mata hoton matar. Inna ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, tana matso da shi kusa da ido tana nesantawa. Can ta ce, "Wagga ɗiyar ina ta? Kai, wanzaminsu ya iya hannu." Washegari da hantsi ta ɗauko ƙwaryar gujiya ta zauna bakin ɗakinta, ta ce wa ƙanwata, "In zai yi, shi yi. Amma ban barin aikina, kuma kar shi zamna gabana."

Na zauna daga gefe da takarda da fensir. Kanta a sunkuye yake tana ɓare gujiya, ni kuma ina zane. A ranar na ga cewa girarta ta hagu ta fi ta dama tsawo, na ga yadda tsufa ya ja tsagen kuncinta ƙasa. Tana aikin tana ba ƙanwata labari, da murya yadda zan ji. Ta ce na kumatun ba ta san lokacin da aka yi ba, tana jinjira. Na haɓar kuwa ita ta nema da kanta tana budurwa, su da ƙawayenta suka haɗu suka je wurin wanzami, kowacce tana cije baki don kar a ce ta yi raki. Ta lissafa ƙawayen ɗaya bayan ɗaya, wance ta rasu wajen haihuwa, wance ta rasu a Gana, wance bara. Ta ce, "Ni kaɗai ta rage da shi." Ta watsa wa kaji ɓawon gujiya ta tashi, zama ya ƙare.

Da na koma Filinge na samo katako mai kyau na zana ta da fenti, girman fuskar mutum. Na rataye a rumfata. Abin da ya biyo baya ya ba ni mamaki. Tsofaffi masu zuwa cin kasuwa sai su tsaya cak. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya nuna da sandarsa ya ce, "Wagga ta yamma ta," ya faɗi gidan kakanninta daidai, bai taɓa ganinta ba. Sai na ɗauki buri. Na ce zan bi ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai in zana duk tsohon da ya rage da aska, ko wata rana jikokinmu za su nema kamar yadda waɗancan suka nema. Yanzu in na tuna yadda nake ta lissafin ƙauyukan da zan je, sai in ji tausayin kaina. Ban san ƙauyukan ne da kansu za su riga tsofaffin tafiya ba.

Dama an daɗe ana zaman ɗar-ɗar a wajenmu. Masu bindiga a kan babura sukan shigo su kore dabbobi, su tafi. Na sha aika wa Inna ta dawo gari, tana cewa ba ta barin inda aka rufe mijinta. Da bazara ta tsananta, sai masu bindigar suka zo suka ce kowa ya bar ƙauyen, wanda suka dawo suka tarar kada ya zargi kowa.

Ina rumfa da rana tsaka na ga ƙanwata tsaye, da goyo a baya, yara biyu riƙe da zaninta, leɓɓanta sun tsage, ƙafafunta fari fat. Na duba bayanta. Na ce, "Ina Inna?"

Sai da aka ba ta ruwa ta zauna a ƙasa ta faɗa mini. Sun fito da amalanken jaki, Inna na bisansa tare da yara. A hanya suka tarar da wata mai tsohon ciki ta kasa tafiya, sai Inna ta sauka ta ba ta wurinta, ta bi sahun masu tafiya ƙasa. Can cikin daji aka ji ƙarar babura, kowa ya watse, mai amalanke ya kora jaki. Da aka sake haɗuwa aka duba, babu Inna. Mijin ƙanwata ya koma baya yana kira har muryarsa ta dushe, bai ji amsa ba.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai na katin shaida, shi kuma yana can ɗakinta a ƙauyen da ba mai iya shiga. Abin da ke akwai kaɗai shi ne allon nan. Na sauke shi daga rumfa, na ɗaura masa igiya, na rataya a wuya.

Na fara da inda aka sauke 'yan gudun hijira a bayan gari, bukka-bukka. Na je gidan likita, na je wurin jandarma, suka rubuta suka ce in an ji labari za a neme ni. Daga nan na shiga bin kasuwannin ƙauye. An hana hawan babur a lokacin, sai motar kasuwa in an samu, in ba a samu ba amalanke ko ƙafa. In na isa sai in tsaya inda mata suka fi yawa, in ɗaga allon, in ce, "Bayin Allah, wa ya ga wagga tsohuwa?" Yara su kewaye ni suna tsammanin mai wasa ne. Manya su duba su girgiza kai su ce Allah ya bayyana. Wasu kuma su ce, "Mu ma namu muke nema," su faɗa mini kamanninsa ko zan gamu da shi. Rana ta dafa fentin har ya fara tsagewa, na riƙa rufe shi da rawanina ni in bar kaina a buɗe.

Wata rana wani direba ya duba allon ya ce lalle ya ga mai irin wannan aska a Abala, cikin waɗanda motar soja ta tsinto a daji. Ban san yadda na isa Abala ba don murna. Aka nuna mini wata rumfar leda, na ga tsohuwa zaune ta ba ni baya, da irin ɗaurin kallabin Inna. Na yi sallama. Ta juyo. Tsagen kumatun iri ɗaya ne, amma ba ita ba ce.

Na zauna a ƙasa. Tsohuwar ta jawo allon ta shafa shi da tafin hannu. Ta ce, "Uwarka ta?" Na ce e. Ta ce, "Ta yi sa'a. Ni ba wanda yaz zo bidata." Sannan ta kama bakin rigata ta ce, "Ɗana, ka ce ni ta mana. Ka tahi da ni." Ɗakina ɗaya ne, ƙanwata da yaranta sun cika shi, ni kaina a rumfa nake kwana. Na ba ta abincin da ke jakata, na ce zan dawo. Da na sake samun zuwa Abala, an ce an kwashe su zuwa wani wuri, ba wanda ya san ina. Har yau in na rufe ido ina jin hannunta a bakin rigata.

Bayan wannan, neman ya zama na wanda ba ya iya zama ne kawai. Mushe ya ce mini in gwada kudu, wajen Tondikandiya, domin wanda ya ruɗe a daji ba ya sanin gabas. Ban sa rai ba, amma na tafi kasuwar Damana da ke can. Ina tsaye da allona sai wata mai sayar da kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, ta ɗago kai ta gan shi. Ludayin hannunta ya faɗi. Ta ce da Hausa, "Malam, mi ta gare ka?"

Na ce, "Mahaifiyata ce."

Ta rufe ƙwaryarta, ta bar wa maƙwabciyarta, ta ce in biyo ta. Tun daga yadda ta ƙi kallona na san abin da ke gabana, amma muna tafe ina yi wa kaina ƙarya, ina cewa wataƙila tana kwance ne ba lafiya.

Wani ɗan ƙauye ne na Zabarmawa, gidaje kaɗan. Ta kai ni wurin uwar mijinta, tsohuwa ƙarama mai farin gashi. Tsohuwar ta karɓi allon ta ɗora a cinya, ta bi tsagen kumatun da ɗan yatsa, ta bi na haɓar. Sannan ta dube ni ta ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri.

Surukarta ce ta riƙa fassara mini. Wani makiyayi ne ya tsinci mai wannan fuskar ƙarƙashin aduwa, ƙishirwa ta kusa gama da ita, ya ɗoro ta a kan jakinsa ya kawo gidan da ya fi kusa. Suka shimfiɗa mata a ɗakin tsohuwar, suna ɗiga mata ruwa da kunu. Ta yi 'yan kwanaki. Harshenta ya kumbura, magana da ƙyar. Na ce ba su tambaye ta garinsu ba? Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta ce sun ga tana wahala, suka ce a bar ta ta huta, in ta ji sauƙi a tambaye ta. Sauƙin bai zo ba.

Na ce, "Ba ta ce komi ba?"

Matar ta ce, "Abu guda take ta tambaya. Amalanke ya isa? Ba mu san wane amalanke ba. Mu ce mata in sha Allahu ya isa. An jima ta sake tambaya."

Amalanke ya isa lafiya, da 'yarta da jikokinta da mai cikin da ta ba wuri, wadda har ta haihu a Filinge. Inna ta tafi ba ta sani ba. Na daure na yi tambayar da ke cin raina, na ce ko ta kira sunan wani. Na faɗi sunana. Suka dubi juna, suka ce ba su ji ba.

Sai tsohuwar, wadda ita ta yi mata wanka, ta sa yatsa a ƙasan allon, ƙarƙashin haɓa, inda na shafa inuwa kawai. Ta ce akwai wasu ƙananan tsage guda uku a nan, ban sa ba. Na ce ban san da su ba. Na ce wataƙila wata ce, ba Inna ba. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da zani wankakke a ninke. Ni na saya mata shi da sallar da ta wuce.

Suka kai ni maƙabartarsu. Tudun ƙasa ne ƙarami a gefe, an kewaye shi da ƙaya don dabbobi. Mazan ƙauyen suka fito suka tsaya bayana muka yi addu'a, mutanen da ban san sunan ko ɗaya ba, waɗanda suka haƙa, suka sallata, suka rufe. Na so in yi kuka, ya ƙi zuwa. Ina tsaye ne kawai da allo a wuya, rana na dukana.

Da na kawo wa ƙanwata zanin, ta rungume shi ta yi ta kuka. Daga baya na tambaye ta zancen tsagen ƙarƙashin haɓa. Ta ce, "Suna nan mana, Yaya. In ta ɗaga kai tana dariya ake ganinsu." Ni ban taɓa ganin Inna ta ɗaga kai tana dariya ba. A gabana ba ta yi.

Ban ƙara su a allon ba, domin ban san yadda suke ba, kuma ba na so in yi mata ƙage. Zancen zana tsofaffin Kurfai kuwa, na gwada na kasa. Wasu sun rasu a gudun, wasu suna Yamai a gidajen 'ya'yansu, ba sa fita. Na samu wani dattijo a bayan gari na roƙe shi, ya ce, "Ka zana ni a kai wa wa? Garin da za a gane askar ya watse." Mushe ya yi ta ba ni ƙarfi, yana cewa waɗancan mutanen tsibirin ma sai da suka ga ƙarshen abin kafin ya dawo. Na ce masa su suna da inda jikoki za su koma su tambaya. Ƙauyenmu har yau ba kowa, an ce rufin ɗakuna ya rufta, geza ta tsiro a tsakar gidanmu. Na koma zanen kawunan masu aski, da shi nake ciyar da yaran ƙanwata.

Shekaru sun wuce, kuma ba zan ce na warke ba. Abin da na koya bai da daɗi, amma shi ke gare ni. Mutum bai san hannun da zai rufe masa ido ba, bai san ƙasar da za ta karɓe shi ba, don haka ban ƙara ganin baƙo a matsayin na wani ba. Ga wanda duk wahala ta jefo masa mutum ƙofar gida a wannan zamani namu, ina roƙonsa abu guda. Ka ba shi ruwa, ka ba shi inuwa, amma kada tausayi ya sa ka jira sai ya huta. Tambaye shi sunansa da garinsu tun bakinsa na iya faɗa, domin a wata kasuwa akwai wanda ke tsaye cikin rana yana nemansa.